Fuskar Murtala a Bangon Tasha

Litinin, 3 ga Afrilu, 2000, bayan Azahar

Alhaji Ɗanbaba ya sa an kira ni. Shi ne mai ginin nan na bakin tasha, inda ƙanena Murtala yake da gidan gem. Na same shi a kan tabarma yana ɓare goro, bai ko ɗago ya dube ni ba ya ce, "Halilu, maganar bangon ga ce. Mutane sun hwara magana."

Na ce, "Ranka shi daɗe, waɗanne mutane?"

Ya ce, "Mutane dai."

To ka ji. A Ƙauran nan yanzu kowa tsoron "mutane" yake yi, kuma ba wanda ya taɓa gaya maka sunan ko ɗaya. Da aka fara aiki da Shari'a aka rufe gidajen kallo, aka haɗa da gidan gem ɗin, ban ce uffan ba. Mai shi ma ba ya nan. Ni kaina ina cikin waɗanda suka cika mota zuwa Gusau ranar ƙaddamarwa, na yi kabbara har muryata ta dushe, kuma ko gobe aka sake kira zan je. Amma wallahi ko a mafarki ban kawo bangon nan a rai ba.

Ya ce kwamitin unguwa za su zo su duba zanen. Bai ce yaushe ba. Na ce to. Me zan ce? Bango nasa ne, fentin ne kawai nawa.

Talata, 4 ga Afrilu, da hantsi

Ban fita ba. Matata Zuwaira ta ce tsakin da nake yi ya ishe ta, in ba zan gaya mata abin da ke damuna ba in gaya wa takarda. Ga shi ina gaya mata.

Ni da can zanen bayan mota nake yi, zaki da mikiya da "Hasbunallahu", irin wanda kowane mai fenti yake yi. Murtala ne ya lalata ni. Shi ya sayo akwatin gem daga wani ɗan Maraɗi a kasuwar Shinkafi, ya jona da talabijin da batirin mota, yara suna biya suna danna. Ran farko da na leƙa na ce wannan wane irin shirme ne, wani ɗan guntun mutum yana ta tsalle kamar an ɗana masa wuta. Murtala ya ce, "Yaya, matsa kusa ka gani." Na kai hancina jikin gilashin, sai mutumin ya ɓace. Babu komai sai ƙananan bulo masu launi an jera su. Na ja da baya, ga mutum ya dawo har da gashin baki. Na matsa, bulo. Na ja baya, mutum. Yaran suna ta dariya, suna cewa yayan Murtala ya taɓu.

Ban yi barci sosai ba kwanakin nan. Na yanko soson katifa mai kusurwa huɗu daidai tafin hannuna, na jiƙa zare da shuni na buga layi a bango kamar yadda magina suke yi, na rinƙa tsoma soson a fenti ina dangwalawa gida-gida. Ba buroshi. Daga nan sunana ya koma Halilu Mai Bulo. Shagon aski a Shinkafi, rumfar shayi a Zurmi, makarantar kuɗi a Badarawa, duk inda ka ga ɗan bulo yana tsalle a bango, hannuna ne. Wani direba ya taɓa ce mini har a Sakkwato an tambaye shi wa ya yi masa bayan mota. Kwana biyu ina tafiya ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

Na bakin tasha shi ne babba, ya kai tsawon mutum biyu. Shi kaɗai ne ba wanda ya sa ni. Murtala ne na zana. Bara na yi shi, bayan sadakar arba'in ɗinsa.

Alhamis, 6 ga Afrilu, bayan La'asar

Na dawo daga Shinkafi. Jelani mai aski ne ya aiko, na ɗauka sabon aiki ne, na kwashi fenti kala-kala. Ashe goge masa zan yi. Kawuna shida na zana masa da askin zamani, ya ce duk a rufe, a rubuta "ASKI" da manyan baƙaƙe. Na ce wa ya hana? Ya ce ba a hana ba tukuna, amma in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Na ce ai shi ke nan, wanzami ya fi kowa sanin gemu. Bai yi dariya ba.

Na rufe su da fari. Ya yi mini aski kyauta, yana ta ba ni haƙuri ta cikin madubi.

Da muka zo gada na rufe idona har muka wuce. Ruwan nan ne ya tafi da Murtala bara, ko gawarsa ba a gani ba. Kogin ma a bushe yake, yashi kawai, yara suna buga ƙwallo a ciki.

Juma'a, 7 ga Afrilu, kafin masallaci

Na kai Inna, kamar kowace Juma'a.

Bari in rubuta wannan yadda yake, don wata rana ni ma kada in ce ƙarya nake. Inna Hindu, mahaifiyarmu, yanar ido ta kama ta. In ka miƙa mata ƙwarya sai ta laluba. Fuskata ma ta ce kamar a cikin hayaƙi take ganinta. Amma in na tsayar da ita a gindin dalbejiyar nan ta tsallaken titi, kusa da mai facin taya, ta ɗaga kai ta dubi bangon, to ita ce ta fi kowa ganinsa a garin nan. Mu masu lafiyayyen ido muna ganin bulo-bulon, muna ganin inda soso ya zame. Ita ba ta ganin wannan. Idonta ya haɗe su wuri ɗaya, sai fuskar kawai ta fito mata, da jar hularsa da wushiryarsa. Ran da na fara kai ta, sai da ta zauna a ƙasa.

Ba mu da hotonsa. Marigayi Baba malami ne, bai yarda hoto ya kwana a gidansa ba. Ɗaya da Murtala ya ɗauka a ɓoye yana cikin aljihunsa ranar. Mata kuma ba sa zuwa maƙabarta, ko da ma akwai inda za a nuna mata.

Ba ta daɗewa. Ta tsaya, ta duba, ta yi masa addu'a, ta ce, "Mu tahi, Mai Fenti." Haka take kirana. Ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni bakinta bai taɓa kama sunana ba. Na auta kuwa a rana sai ta faɗe shi sau nawa.

Yau ta ce rana ta ɗan cinye jan hular, in ƙara masa. Na ce to, Inna.

Asabar, 8 ga Afrilu, Magariba

Shiru. Ba su zo ba.

Litinin, 10 ga Afrilu, bayan Azahar

Na gaji da jira, na tafi wurin Malam Muhtari da ƙafata. Shi ne shugaban kwamitin. Almajirin Babanmu ne, kuma shi ya koya wa Murtala karatu bayan rasuwar Baba. Ba mugun mutum ba ne, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Ya sa aka kawo mini ruwa. Na ce, "Allah shi gafarta Malam, maganar bango ce."

Ya ce ya sani. Ya ce ba shi ya fara ta ba, kawo masa aka yi, kuma in an kawo ba ya iya cewa bai ji ba. Ya karanto mini abin da ya zo a kan masu zana abu mai rai. Na san shi, a bakin Baba na fara ji. Sannan ya ce, "Amma malamai sun ce sura kai ce. In anka cire kai, saura kamar itace ne. Ba wanda za ya ce ka goge duka."

Na ce, "Malam, kan ne ai."

Ya ci gaba da jan carbi.

Sai wata dabara ta faɗo mini, na ce, "Malam, ni fa ba mutum na zana ba. Bulo ne na jera. Babu ido, babu hanci, ko layi ɗaya ban ja ba. Ka zo ka taɓa da hannunka, in ka ga ido ka ƙwaƙule shi."

Ya yi ɗan murmushi ya ce ni dai da baki tun ina yaro. Ya ce shi bai taɓa tsayawa ya duba ba, in ya zo wucewa sunkuyar da kai yake yi. Za su zo su gani. In bulo ne kamar yadda na ce, ba ruwansu da bulo.

Na fito zuciyata wasai. Kafin in kai gida ta sake cushewa.

Laraba, 12 ga Afrilu, La'asar, Zurmi

Aiki ya yi mini yawa, abin dariya. Kowa allo yake so a bakin hanya, "Subhanallah", "Ka ji tsoron Allah", "Astagfirullah". Ni nake rubuta su kuma da zuciya ɗaya nake yi. Hannuna ya faɗa a kan kore da fari.

Na biya rumfar shayin da na yi wa zakara mai tsalle a kan kofi. Wani ya kankare kan zakaran da wuƙa, ya bar jiki da ƙafafu. Kamar wanda aka yanka bai gama shure-shure ba. Mai shayin ya ga ina kallo, ya ce, "Ni na yi da kaina, kada ka zargi kowa." Ya zuba mini shayi, ya cika madara fiye da yadda ya saba.

Ban iya shanyewa ba.

Juma'a, 14 ga Afrilu, da hantsi

Na kai Inna. Ta ce ban ƙara jan ba. Na ce jan fenti ya yi wuya a gari. Ta ce, "Kai dai ka ce ƙiwuya."

Asabar, 15 ga Afrilu, bayan Magariba

Cika-ciki. Zuwaira ta dafa wutsiyar ragon layya da aka ajiye, gida ya cika da ƙamshi. Murtala shi ne mai cinye wutsiyar nan duk shekara, yana cewa auta ke da jela. Inna ta sa an zuba kwano guda an kai wa maƙwabta. Ba wanda ya tambaye ta na wane ne.

Na tuna yadda yake tsokanar yara in ɗan guntun mutuminsu ya faɗa rami. Sai ya ce, "Kada ka yi kuka, nan ciki rai ukku gare ka, danna ka tashi." A cikin gem ɗin akwai wasu 'yan zukata a saman gilashi masu nuna ran da ya rage maka. Duk zanen da na yi sai na sa su a kusurwa, ya zama kamar sa hannuna. A na bakin tasha ban sa ba. Sama ce kawai shuɗiya.

Cikina bai cika ba bana.

Talata, 18 ga Afrilu, bayan Azahar

An ce jibi Alhamis za su zo.

Na je wurin wani direban babbar mota da na daɗe ina yi masa zane. Na roƙe shi ya ajiye motarsa a gaban bangon, ya bar 'yar hanya daidai wucewar mutum. Duk wanda zai duba sai dai ya shiga lungun ya duba daga kusa. Daga kusa kuwa ko uban wa ka kawo, bulo zai gani. Ya ce dama injinsa na son gyara, sai ya kwance shi a nan.

Zuwaira ta ce, "Maigida, wannan ba yaudara ba ce?"

Na ce, "Na ce musu bulo ne, kuma bulo ne. Ina ƙaryar?"

Ta ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Ai ta ce.

Alhamis, 20 ga Afrilu, Magariba

Ba su zo ba. Wai an yi rasuwa a Birnin Tsaba, sun tafi gaisuwa. Sun ɗaga zuwa gobe da hantsi.

Gobe Juma'a. Inna lillahi.

Na ce wa Zuwaira ta gaya wa Inna ina da aiki a Zurmi, wannan satin ba zuwa. Ta ce za ta gaya mata. Na ce ta riƙe ta da hira, ta sa ta tsince wake, ko me ma. Ta ce ta ji.

Juma'a, 21 ga Afrilu, bayan masallaci

Ba zan rubuta ba yau.

Asabar, 22 ga Afrilu, da safe

Zuwaira tana ta kuka, wai laifinta ne, ta shiga wanka ne kawai. Na ce ta yi shiru. Ba laifinta ba ne. Ba laifin Kulsumu maƙwabciyarmu ba ne. Na duba ko'ina ban ga wanda zan kama ba.

Lahadi, 23 ga Afrilu, bayan La'asar

To, bari in rubuta, ko zai sauka daga ƙirjina.

Sun zo su biyar, Malam Muhtari a gaba, Alhaji Ɗanbaba a baya yana ta gyara babbar riga. Mota tana nan inda muka ajiye ta, an kwance injin. Suka shiga lungun ɗaya bayan ɗaya. Malam ya sa tabarau, ya ɗaga kai, ya shafa bangon da tafinsa. Ja, baƙi, ruwan ƙasa, fari. Ya ce, "Ina mutumin?" Na ce, "Allah shi gafarta Malam, ai na gaya maka." Wani dattijo a cikinsu ya ce shi wannan kamar zanen tabarmar roba yake gani. Suka yi dariya. Wallahi sun yi dariya. Alhaji har ya fara cewa dama shi ya san surutun mutane ne. Malam ya cire tabarau yana nema ya mayar aljihu.

Sai na ji muryarta.

"Wa ya tsare mini Murtala da mota?"

Kulsumu maƙwabciyarmu ce ke riƙe da sandarta. Ashe da aka ce ba na nan, Inna ta ce ita Juma'arta ba ta da alaƙa da aikina, ta leƙa ta katanga ta kira Kulsumu. Sun je gindin dalbejiya, ba ta ga komai ba sai ƙarfen mota, shi ne ta tsallako titi.

Malam ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, matar malaminsa ce. Ta gane muryarsa, ta yi murna. Ta ce, "Muhtari, kai ne? Kun zo ganin ƙanenka? Haba, ai ba daga nan aka ganinshi ba. Wanga yaro bai gaya muku ba? Ku sa a janye motar ga, ku zo in nuna muku."

Na buɗe baki. Me zan ce? In ce Inna yi shiru, a gaban mutane?

Malam ya dube ni. Sau ɗaya kawai ya dube ni. Ya ce a tura motar. 'Yan tasha suka taru suka tura.

Ita ta ja su da kanta, tana gaba da sanda, malamai biyar suna bin ta suna tsallaka titi. Ta tsayar da su a gindin bishiyar, ta nuna da sandar. Ta ce, "To ku duba. Kun ga wushiryar? Kun ga yadda yake karkata hula? Babansu ya yi hwaɗa har ya gaji." Tana dariya. Rabon da in ji dariyarta haka tun bara.

Sannan ta ɗaga hannu ta ce, "Murtala, ina kwana. Ga malaminka ya zo."

Ba wanda ya yi motsi. Har mai faci ya daina buga tayarsa. Na dubi Malam Muhtari, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Shi ne. Allah shi jiƙan shi." Inna ta ce amin, ta sa musu albarka, ta ce sun kyauta da suka zo. Kulsumu ta tafi da ita.

Bayan sun yi nisa dattijon nan mai maganar tabarma ya ce, "Kun ji dai da kunnenku. Gaishe shi take yi." Ba da faɗa ya faɗa ba, a tsorace ya faɗa. Na ce addu'a take yi masa, tsohuwa ce, ba bauta take yi ba. Malam ya ce ya sani, shi ya sani, amma gobe wata za ta gani ta yi, jibi a fara kawo turare. Ya ce haka aka fara a zamanin da.

Maganar motar bai tayar ba. Gara ma da ya zage ni.

An yanke a goge kafin Juma'a mai zuwa. Kan kawai, a bar jiki. Alhaji ya ce zai turo masu shafe da siminti, Malam ya ce a'a, a bar ni in yi da hannuna yadda na ga ya fi sauƙi. Wannan ita ce alfarmar da aka yi mini.

Inna ba ta san komai ba. Har yanzu labari take ba Zuwaira, wai manyan malamai sun zo ganin autanta.

Litinin, 24 ga Afrilu, Azahar

Na gwada a bangon tsakar gida. Na buga layi, na kwafo Murtala gida-gida daga takardar da na tsara shi a kai bara, rabin girman wancan, iyakar abin da katangar za ta ɗauka. Na ce wa Inna ado nake yi. Na tsayar da ita a ƙofar ɗakinta, nan ne mafi nisa a gidan. Na ce me kika gani? Ta ƙura ido ta ce, "Shanya ce anka yi?"

Gidan ya yi ƙanƙanta. Idonta yana son girma da nisa, ni kuma ba ni da titi a cikin gida.

Na wanke kafin ya bushe.

Talata, 25 ga Afrilu, La'asar

Na koma wurin Malam. Na ce a ƙara mini lokaci, ko zuwa damina. Na ce tsohuwar nan idonta ƙarewa yake, shekara nawa ta rage mata ta gani? Ya ce, "Da ni kaɗai ne..." Bai ƙarasa ba. Ya ce in na ga dama shi zai je ya yi mata bayani da kansa. Na ce a'a. In ta san bakinta ne ya jawo, ba za ta kai Sallah ba.

Ya rako ni har bakin zaure, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Halilu, ni ma ban yi barci ba." To me zan yi da rashin barcinsa?

Laraba, 26 ga Afrilu, da hantsi

Na haɗa shuɗin. Sai da na yi ta gwadawa a gefen gwangwani, don rana ta cinye na bangon ya yi haske. In ban dace da shi ba tabo zai fito. Ko a wannan ma ban iya yin aikin banza ba, ka ji masifa.

Alhamis, 27 ga Afrilu, bayan Azahar

Na yi.

Da sassafe na kafa tsani. 'Yan tasha suka watse kamar an kore su, mai shayi ya juya bencinsa ya ba bango baya. Soson da na zana shi da shi, da shi na yi, yana nan a cikin leda tun bara. Gida-gida, yadda na sa su haka na cire su. Na fara da hula. Da na zo kanta na tuna an ce in ƙara mata ja.

Daga kan tsani ba ka ganin kowa, bulo ne kawai, wannan ya taimake ni. Baƙi ya koma shuɗi, ruwan ƙasa ya koma shuɗi. Ban sauka na duba daga nesa ba ko sau ɗaya. Fararen nan na haƙora da ɗan baƙin da ke tsakaninsu su na bari ƙarshe. Na daɗe a tsaye da soso a hannu har fentin ya fara bin gwiwar hannuna. Mai faci ya ɗago daga tsallake ya ce, "Mai Bulo, gama ka sauko, rana ta yi." Na gama na sauko.

Shuɗin ya dace. Ba tabo ko kaɗan. Riga tana nan, hannu yana nan a ɗage, daga wuya sai sama.

Alhaji ya aiko mini da goro. Na ba Zuwaira ta zubar, ta ce ba kyau, ta ba Kulsumu.

Na roƙi Kulsumu, na roƙi mai faci, na roƙi duk wanda na san yana gaishe da Inna a hanya. Kowa ya ce bakinsa alekum. Zuwaira ta ce in ce mata ba ni da lafiya gobe. Na ce jibi fa? Wata Juma'ar fa? Ai mun gwada wannan.

Juma'a, 28 ga Afrilu, bayan masallaci

Tun da safe ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau. A hanya tana ta hira, wai ko Muhtari zai sake zuwa. Na yi niyyar gaya mata a bakin ƙofa. Na ce sai mun wuce masallaci. Na ce sai mun wuce masu gyaɗa. Sai ga mu a gindin dalbejiya.

Ta ɗaga kai. Ta daɗe. Ta goge idonta da bakin mayafi ta sake dubawa. Ta matsa dama, ta matsa hagu, ta sa hannu ta kare rana. Mai faci ya sunkuya a kan tayarsa kamar ya ga zinariya a ciki.

Ta ce, "Mai Fenti."

Na ce, "Na'am, Inna."

Ta ce, "Ina ganin rigar. Ina ganin hannun. Idon ga ya ƙare, ashe. Huskar ta ɓace mini."

Na bar ta a kan haka.

Ta ce ba komai, Wanda ya ba ta shi ya karɓa, ta gode da Ya bar mata shi har ta nuna wa malamai. Ta yi addu'arta yadda ta saba, ba ta rage ko kalma ba. Na miƙa mata sanda mu tafi, sai ta kama hannuna ta riƙe, abin da ba ta taɓa yi a waje ba.

Ta ce, "Kai da ke da ido, duba mini. Yana dariyar nan tashi?"

Na duba. Sama ce shuɗiya, aikin hannuna, ba tabo.

Na ce, "Yana yi, Inna."

Ta ce, "To madalla. Ka riƙa kawo ni, kai kana gaya mini."

Juma'a, 5 ga Mayu, da hantsi

Na kai Inna. Ta tambaya ko na ƙara jan hular. Na ce na ƙara.